Jar Fitilar Barmo

Duk wanda ya taɓa bin hanyar amalanken da ta ratsa Tudun Kalgo, wani ƙauye a karkarar Gidan Sori, zai ga tankin ruwan garin tun kafin ya ga garin. Yana tsaye bisa dogayen ƙafafun ƙarfe, ƴan garin na ce masa shato, farantan sola jere a gefensa suna kallon sama. A jikin ƙafarsa ta wajen hanya akwai ƴan fitilu uku cikin akwatin gwangwani, kore da rawaya da ja. A ƙarƙashinsu kuma, bisa wani tsohon turmi da aka kifa, za ka tarar da wani dattijo mai furfura a gemu, makullai rataye a wuyansa. Shi ne Barmo ɗan Hamidu, mai gadin shato, shi ne kuma ya haɗa fitilun da hannunsa. Baƙo kan tsaya ya yaba masa. Barmo ya ce madalla, ya kawar da kai, don babu abin da ya ƙi jini irin a yaba masa wannan aikin.

Tun yana ƙarami hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Rediyon mahaifinsa, wadda Hamidu ke lulluɓewa da ƙyalle don kada ƙuda ya taɓa ta, ita ce farkon abin da ya kwance. Ya baje kayan cikinta bisa tabarma yana neman inda mai maganar ke zaune. Ya sha duka ranar, irin dukan da ba a mantawa, amma da ya mayar da ita sai ta ci gaba da magana kamar ba a yi komai ba. An sa shi lakol, wato makarantar boko, ya ɗan taɓa, ya gudu. Ya ƙare a Tibiri wurin wani mai gyaran rediyo, yana hura masa gawayin da ake gasa ƙarfen dalma, har ya ƙware ya dawo gida ya kafa tebur a ƙarƙashin tsamiyar kasuwa.

Wannan shi ne zamanin Barmo, kuma ya ci shi. Ranar kasuwa ba ka ganin teburin don rediyo da kaset, masu kaya na tsugune suna jiransa kamar likita. Da wannan sana'a ya auri Habi, da ita ya rufa wa gidansa asiri shekaru masu yawa. Sai ga ƴan rediyon roba sun cika kasuwa, waɗanda in sun mutu jefarwa ake yi a sayi wata. Kafin ya farfaɗo sai ga wayar salula, ta zo ta haɗiye rediyo da kaset da tocila gaba ɗaya. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya ce masa uffan. Mutane dai suka daina zuwa, suna gaishe shi daga nesa suna wucewa. Irin wannan mutuwar sana'a ta fi ciwo, don babu wanda za ka kama da faɗa. Wata rana ya ɗauki teburin a ka ya kai gida, Habi ta jera tukwane a kansa.

Da aka gina shato, komiten ruwa na garin suka ce a ba Barmo makulli, tunda shi ya san waya. Aikin ba shi da wani ɗaukaka. Ya share farantan sola, ya buɗe famfo ya rufe, kowace safiya kuma ya hau tsani har ƙoli, ya ɗaga murfi, ya zura wata doguwar gora ya ga inda ta jiƙe. Shi kaɗai a garin ya san abin da ke cikin tankin nan. A lokacin bai ɗauki wannan a bakin komai ba.

Ba a ba da labarin Barmo a bar Jaye. Jaye Bafillace ne, makiyayi, dogo siriri mai ƙarancin magana, kuma zumuncinsu gado ne. Tun zamanin iyayensu, da an gama girbi garken gidan su Jaye ke saukowa daga arewa ya sauka a gonar gidan Hamidu. Shanu su ci kara da harawa, su bar taki, a yi rani tare. Matar Jaye ta riƙa kawo nono, Habi ta riƙa aika damen hatsi. Hamidu ya taɓa ba mahaifin Jaye wata karsana kiwo, kuma tun daga ita ba a taɓa rasa saniyar gidan Hamidu a cikin garken ba. In ta haihu a sayar da ɗan don wata hidima, amma uwa tana nan. Ta wannan zamanin wata ja ce mai farin goshi, Habi ta sa mata suna Zinariya. Ba a taɓa faɗi da baki ba, amma gidajen biyu sun san ma'anarta. Muddin tana cikin garken, to garken zai dawo.

Da rijiyoyin garin suka yi nisa aka koma shato, sai aka gina dogon kwami na siminti a bayansa don dabbobi. Nan wata al'ada ta tsiro tsakanin mutanen biyu. Da hantsi Jaye zai zo gindin shato, sanda a kafaɗa, ya ɗaga kai ya ga Barmo can sama da gorarsa.

"Kaɗo, akwai?"

"Akwai, Bahillace. Har da na wanka, in kun taɓa jin labarinshi."

Haka kullum, ba ta canjawa. Ko gorar ta jiƙe har wuya, ko kamu ɗaya ta jiƙe, amsar ke nan. In ruwa ya yi ƙasa Barmo ya san yadda yake yi. Ya jinkirta buɗe kwami har rana ta take famfo ya turo, ya rufe famfon gari da wuri ya ce gyara yake yi, wani lokaci randar Habi ce ke kwana ba komai. Ba a rasa masu ƙunƙuni, amma ba wanda ya taɓa kwana da ƙishirwa. Shi ma Jaye ba yaro ba ne, ya san bazara, ya san ƙarar tanki in ya yi fayau. Amma mai gida ya ce akwai, baƙo kuwa ba ya leƙa tukunyar mai gida.

Shekaru suka tura, gwiwoyin Barmo suka fara ba shi labari. Wata safiya ƙafarsa ta zame a kan tsani, ya yi reto da hannu ɗaya, gorar ta faɗo ta kusa tsokane idon wata mata. Ya sauko da ƙyar. Habi ta ce in ya sake hawa, to ya fara raka ta gidansu tukuna, don ba za ta tsaya a kawo mata shi a amalanke ba. Ya je asibiti a Maraɗi don gwiwar, ya biya wurin Mudassir, ɗan yayarsa, wanda ke da shagon kayan salula a kasuwa. Yana ba shi labari, sai Mudassir ya jawo aljihun tebur ya fito da wani ɗan allo shuɗi wanda bai kai tafin hannu ba, da wani ƙaramin abu mai idanu biyu kamar na kwaɗo.

"Kawu, wanga shi ka yi maka hawan. Ka manna shi cikin murhin tanki. Ido guda shina kuka, kukan da kunnenmu bai ji, gudan shina saurare. In kukan ya daɗe bai komo ba, ruwa ya yi nisa. Allon ga shi ka lissahi, kai dai ka rubuta mishi abin da kake so da salula."

Barmo ya juya allon a hannunsa, ya ga ƴan ƙafafun dalma jere reras, sai ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa wanda ya ɗauka ya daɗe da mutuwa. Ya koma gida ya sauke tukwanen Habi daga kan teburin. Daminar nan kaf, in ya dawo daga gona, yana sunkuye da tabarau ɗaure da zare, ƙamshin dalma ya sake cika zauren. Umarnin da ake rubuta wa allon ya ba shi wuya ƙwarai, don ɗigo ɗaya in ya ɓace sai abin ya yi gum kamar jakin da ya ga gada. Ya yi ta kiran Mudassir har yaron mutane ya fara kashe salula. Da ya samu ya ɗaura shi, da taimakon wani maƙeri da ya yi masa hawan, sai gumin cikin tanki ya makantar da idon. Ya gyara wannan, zanzaro ya zo ya gina ɗaki a cikin ido ɗaya, na'ura ta yi ta rantsuwa tanki cike yake alhali famfo na tari. Ya rufe idon da guntun gidan sauro. A ƙarshe dai abin ya tsaya, ya faɗi gaskiya, aka gwada da gora aka ga daidai.

Ya haɗa masa fitilu uku. Kore, ruwa ya wadata. Rawaya, a yi hattara. Ja, an yi ƙasa. Jar ma ya sa ta kama tun da sauran ruwa mai dama, don ya samu sararin yin dabararsa. Da farko niyyarsa ya ajiye su cikin ɗan ɗakin da ake kulle kayan famfo, inda shi kaɗai zai gani. To amma mutum ne, kuma mutumin da ya yi shekaru ana gaishe shi daga nesa. Wa zai ga aikin in yana cikin ɗaki? Ya samo gwangwani ya yi musu akwati, ya ce a jikin ƙafar shato zai kafa, ta wajen hanya.

Habi tana tankaɗe ta ce, "Malam, ni dai ban taɓa ganin wanda ya huda rumbunshi ya sa madubi ba. Abin da ke ciki kai ka sani, kai ka rufe. Mi ya kai gari ciki?"

"Ke ba ki san zamani ba," in ji shi.

"I, ban san shi ba. Amma na san mutanen garin ga."

Ya kafa. Kuma a gaskiya ya sha yabo har ya ƙoshi. Shu'aibu, shugaban komite, ya tara mutane ya ce ga abin da ko a birni sai an tona. Aka riƙa zuwa kallo daga ƙauyukan kewaye. Waɗanda suka manta hanyar teburinsa suka dawo suna ce masa Injiniya. Barmo ya ɗinka sabuwar riga, tafiyarsa ma ta canja duk da gwiwar.

Da kaka ta yi, garke ya sauko kamar kullum, aka kafa bukkoki a gonar Barmo. Jaye ya zo da hantsi ya ɗaga kai sama, bai ga kowa ba, sai ya ji dariya a ƙasa. Barmo ya kama hannunsa ya kai shi gaban akwatin, ya yi masa bayani tiryan-tiryan, har da na idon da ke kuka. Jaye ya daɗe yana kallon koren.

"To yanzu wa za ni tambaya, kai ko ita?"

"Duk wanda ka so. Bakinmu guda."

Sanyi ya wuce lafiya, kore da rawaya suna karɓeɓeniya. Sai bazara ta kama, rana ta buɗe, ruwan ƙasa ya ja baya, ja ta fara kamawa. Ka sani, babu abin da ya canja a cikin tankin. Haka yake yi kowace shekara tun da aka gina shi, gora ce kaɗai ta sani, ita kuwa gora ba ta da baki. Yanzu kowa na gani, tun daga ƙofar masallaci. Da rawaya ta kama sai ka ga mata sun fito a guje da jarka da bokiti da tulu, har da tukunyar da aka daɗe da jinginewa, kowa na tsoron a bar ta a baya. Ruwan da zai kai la'asar sai ya ƙare kafin azahar. Tsoro ya shiga garin da bai san tsoro ba, kuma Barmo ne ya kawo shi cikin gwangwani.

Ba wanda ya hana shanu sha, kada a yi wa mutanen Tudun Kalgo ƙarya. Komite ba ta zauna ba, Shu'aibu bai ce komai ba. Ido ne kawai. In garke ya doso kwami, sai hira ta mutu a bakin famfo, a dubi fitila, a dubi shanu, a sake duban fitila. Ranar da abin ya fashe, wata mata mai suna Zulai ce, da goyo a baya da jarkoki biyu da ba ta samu cikawa ba, ta faɗa ba da ƙarfi ba, ba kuma a ɓoye ba.

"Mu da ɗiyanmu muna kallon ja, shanu na shan kore."

Ba muguwar mata ba ce, gajiya ce ta yi magana. Amma Jaye ya ji. Ya tsayar da sa na gaba da sanda, ya tako wurin Barmo a hankali.

"Barmo, akwai?"

Ba Kaɗo, ba wasa. Barmo ya ce, "Akwai mana. Kai dai kora su."

Jaye bai dube shi ba, fitilar ya duba, tana nan ja wur a saman kan amininsa. Ya yi wa shanun wata ƴar kira da harshensu, suka juya, suna waiwayen kwamin da suka riga suka ji ƙamshinsa.

Daga ranar bai sake kawo su ba. Ya koma wata tsohuwar rijiya mai zurfi can cikin daji, tafiyar da ke cin rabin yini, inda ake jan guga da sa. Su fita da sassafe, su dawo da yamma ƙafafu na harɗewa. Abin da suka sha a can, hanya ta shanye shi kafin su iso. Barmo yana ganinsu daga kan turminsa suna wucewa nesa da shato, ƙasusuwan ƙugu na fitowa kullum, abin na cin ransa. Ya bi Jaye har bukka.

"Wane ne ya hana ka? Hwaɗa mini sunanshi. Ruwan ga da munka sha bara da bara waccan, shi ne dai. Wallahi bai ragu ba."

"Na sani," in ji Jaye. "Tun da can na sani."

"To mi ne ne?"

Jaye yana murza igiya a cinya, bai ɗago ba. "Da, kana bisa, kai ka gani, ka ce akwai. Nauyin na kanka, ni na sha da bakinka. Yanzu idona ya gani, idon mata ya gani, sun kuma ga na gani. In na kora shanu bisa ja, mi za ni ce ma kaina? Mu ba a haihe mu da wannan ba, Barmo. Gara saniya ta faɗi."

Barmo ya dawo gida. Washegari ya samo tsumma ya ɗaure akwatin. Ai kuwa sai ya ƙara ɓata lamarin, don yaro ma ya san ba a rufe kore. Mata suka ce lalle yau abin ya kai inda ya kai, aka yi rububin da ba a taɓa yi ba. Shu'aibu ya zo da kansa, cikin ladabi, ya ce Malam Barmo a cire ƙyallen nan, jama'a sun saba, hankalinsu ba ya kwanciya in ba su gani ba.

Sai ya yi abin da har yau in ya tuna yake jin kunya. Ya jona salula da allon, ya canja lamba ɗaya a cikin umarnin, yadda kore ba zai mutu ba sai tanki ya bushe ƙaƙaf. Aikin da ya ci masa damina guda yana koya wa gaskiya, cikin ɗan lokaci ya koya masa ƙarya. Ya aika aka kira Jaye. Jaye ya zo shi kaɗai, ba shanu. Ya dubi koren, ya dubi famfon da ke zuba siriri kamar zare, ya dubi layin jarkoki. Ya yi ɗan murmushi wanda gara a ce kuka ya yi.

"Hitilar taka ta koyi bakinka."

"Jaye, don Allah."

"Kai in ka ce akwai, mutuncinka ne ka ba ni in sha. Ita wanga mi gare ta da za ta ba ni? Mai da ta yadda take, kada su ce ka zama maƙaryaci sabili da ni."

Ya mayar. Ba a ma rasa waɗanda suka lura ba, sunan Injiniya ya fara fita da wani irin sauti. A ƙarshen bazarar shanu biyu suka faɗi a hanyar rijiya, ɗaya tsohuwa, ɗaya mai ciki. Barmo ya je ya tsaya a kan gawar mai cikin, Jaye ya ce haka Allah ya so. Hadarin farko bai gama haɗuwa ba aka kwance bukkoki. Sun yi sallama kamar kullum, an yi addu'a, Habi ta ba da hatsi, an karɓa. Zinariya na cikin garken da suka tafi, ta rame amma tana tafiya. Barmo ya bi ta da kallo har ta ɓace, ya riƙe wannan a zuciyarsa duk damina.

Ya nemi komite su bar shi ya mayar da fitilun cikin ɗaki. Aka zauna, aka saurare shi, aka ƙi. Suka ce abin ya zama na gari, har an fara maganar a yi wa shaton wani ƙauye irinsa. Ya iya tsinke waya ɗaya ya ce ta lalace, ya kuma yi tunanin haka ba sau ɗaya ba. Amma ya san ko ya tsinke, ba a mayar da abin da ido ya riga ya gani. Garin ya san cikin tankinsa, Jaye ma ya sani.

Damina ta yi kyau, gonarsa ta ba da hatsi fiye da na maƙwabta, albarkar takin bara. Da aka yi girbi kowa ya tattara karansa ya ɗaure ya kai gida, don yanzu kara ma abin sayarwa ne. Barmo ya bar nasa a tsaye, ya bar harawa a ƙasa, ya share inda ake kafa bukkoki. Aka ce masa awaki za su cinye, ya ce ya ji. Garkunan wasu suka wuce, yana miƙewa daga kan turmi yana leƙe, yana komawa ya zauna. Tanki cike, kore na ci tun safe har yamma, ba wanda ke ko kallonsa.

Wata safiya da hantsi ya hango mutum tafe ta hanyar gabas, dogo, sanda a kafaɗa. Ya gane tafiyar tun daga nesa, ya miƙe har makullai na kaɗawa. Ya ƙura ido bayan mutumin yana neman garke. Babu garke. Saniya ɗaya ce a ƙarshen igiya, ja mai farin goshi.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da yara da dabbobi da gajiya, kowa na jan ta don kada ta ƙare. Jaye ya ce bana sun sauka wajen Cadawa, inda danginsu ke da rijiya tasu ta kansu. Ya ce wurin ba laifi. Sannan ya miƙo igiyar.

"Ga amanar gidan Hamidu. Tana da ciki, wata uku ko huɗu. Ba ta son dusa da yawa."

Barmo bai karɓa ba. Ya nuna akwatin da hannu. "Dubi, Jaye. Dubi da idonka. Kore ne."

"Na gani. Bazara na tahe, Barmo."

"Sai in kashe ta. In hwasa ta gabanka yanzu."

"Ka hwasa mi? Aikinka ne, kuma ya yi kyau. Ba ta yi ƙarya ba ko sau guda, sai da ka sa ta." Ya kama hannun Barmo ya sa masa igiyar, ya naɗe yatsunsa a kai. "Ba faɗa muka yi ba. Ka gaida mutanen gida."

Labari ya kai wa Habi, ta fito da ƙwarya cike da ruwa, ko mayafi ba ta gyara ba. Ta durƙusa ta miƙa masa. Jaye ya karɓa da hannu biyu, ya kai baki ya ɗan jiƙa leɓe, ya mayar mata ya yi godiya. Ta ce ya tsaya a dama fura, ya ce rana na yi, hanya da nisa. Habi ta juya da ƙwaryar tana share ido da gefen zane, ba ta ce wa mijinta na faɗa maka ba, ko a ranar ko bayanta. Da ta faɗa ma da ya fi masa sauƙi.

Jaye ya sunkuya ya yi wa saniyar magana a kunne, ya shafa farin goshin. Ya gyara sandarsa. Da ya zo daidai gindin tsani sai ya ɗan tsaya, ya ɗaga kai sama, can ƙoli wurin murfin, inda ba kowa. Amsar na bakin Barmo a shirye, har da ta wankan, kuma yau gaskiya ce tsantsa, tanki cike yake har baki. Jaye ya sauke kai ya kama hanya, bai tambaya ba.

Zinariya ta ja igiya ta bi bayansa da kuka, sai da Barmo ya tirje da gwiwoyin nan nasa marasa ƙarfi kafin ya tsayar da ita. Ya ja ta zuwa bayan shato, ya buɗe famfon kwami gaba ɗaya, abin da bai taɓa yi ba. Ruwa ya taho da ƙarfi ya bi dogon simintin nan ya cika shi daga wannan baki zuwa wancan. Ta daɗe tana kallon hanya. Can ta sunkuyar da kai ta fara sha, ita kaɗai.